Chadi da Nijar: Ina soja ke nufa idan ya tuɓe kaki?

Duk ɗan kasuwar da ya yi safara tsakanin Maiduguri da Gamborun Ngala, ko tsakanin Marwa da Kusuri ta Mora da Waza, a shekarun 1990, ba sai an tsaya yi masa bayanin ma'anar kwanta-kwanta ba. Ranar kasuwa ake tare hanya, a tsayar da motoci ɗaya bayan ɗaya, a fito da fasinjoji a ce kowa ya kwanta rub-da-ciki, sannan a bi su a tsanake ana caje aljihu da lalita. Daga wannan umarni na kwanciya sunan ya samo asali. A Kamaru kuwa zargina ake ce musu. Abin da waɗanda suka faɗa hannunsu suka riƙa faɗa kusan iri ɗaya ne: bindigogin da ke hannunsu na yaƙi ne, wasu na sanye da takalmi ko rigar soja, kuma yadda suke raba aiki a tsakaninsu, wannan ya tsare gaba, wancan ya tsare baya, ya nuna mutane ne da aka taɓa horarwa.

Mun tuno da wannan ne ba don tayar da tsohon miki ba. Dalilinmu shi ne yadda ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu suka duƙufa wajen ɗibar sojoji a 'yan shekarun nan. A ƙarshen 2020 gwamnatin Nijar ta bayyana aniyarta ta ninka yawan sojojinta daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekaru biyar. A watan Oktoban 2022 Burkina Faso ta yi shelar ɗaukar 'yan sa-kai 50,000 da za a ba makamai su taya sojoji yaƙi. Kowa ya san abin da ya kawo hakan, kuma ba mu ce kada ƙasa ta kare kanta ba. To amma duk wanda aka ɗauka aikin soja, in Allah ya yi masa tsawon rai, akwai ranar da za a sallame shi. Abin tambaya a nan shi ne, a wannan rana ina zai nufa, kuma da me zai ci da iyalinsa? Tarihin Chadi da na Nijar ya nuna cewa idan gwamnati ta kasa ba da amsa, a kan hanyoyin da muke bi da kasuwannin da muke ci ake neman amsar.

Bari mu fara da Chadi, domin a can ne al'amarin ya fi fitowa fili. Lokacin da marigayi Idris Debi ya kori Hisen Habre daga Njamena a farkon Disamban 1990, ya tarar da ƙasar da ta shafe fiye da shekaru ashirin ana yaƙi, kuma kowane madugu da ya ajiye tawaye sai ya taho da yaransa a zuba su cikin rundunar ƙasa. Da aka yi lissafi sai aka ga sojoji kimanin 47,000 a ƙasar da ko albashin malaman makaranta yana yi mata wuyar biya. Sai aka yi yarjejeniya da Faransa cewa za a rage su zuwa 25,000. Tsakanin 1992 da 1997 an sallami kimanin mutum 27,000, da farko da kuɗin Faransa, daga baya Bankin Duniya ya sa hannu. A Chadi ana kiran waɗannan mutane da Faransanci deflate, wato waɗanda aka zaftare daga cikin ma'aikata.

A takarda shirin ya yi kyau. Soja ya miƙa bindiga, a ba shi kuɗin sallama, ya koma ƙauyensu ya kama noma ko kiwo ko 'yar sana'a. A aikace kuwa sai aka riƙa cin karo da matsaloli. Da yawa daga cikinsu tun suna yara suka shiga daji, ba su yi makaranta ba, ba su koyi sana'a ba, gonar gadonsu kuma ta daɗe a hannun wasu. Bugu da ƙari, ana tsakiyar sallamar ne, a watan Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi. 'Yan kasuwarmu ba za su manta da wannan rana ba, don cikin dare ɗaya lissafin canji ya birkice. To shi wanda aka sallama da 'yan kuɗinsa a hannu, sai ya wayi gari ya ga duk kayan da ake shigowa da su daga waje sun yi tashin gwauron zabo. Sai a ƙarshen shekarun 1990 aka soma wani shirin gwaji na koya musu sana'a, shi ma 'yan dubbai kaɗan ya taɓa. Wasu suka bi ta bayan gida suka koma kaki, wasu suka bi sabbin 'yan tawaye, wasu kuma, da yake ba kowace bindiga aka miƙa ba, suka hau hanya.

A nan ya kamata mu yi adalci. Ba kowane ɗan kwanta-kwanta ne tsohon soja ba, kuma ba kowane tsohon soja ne ya shiga fashi ba. Akwai makiyayan da fari ya ƙarar wa dabbobi, akwai zauna-gari-banza na garuruwanmu, akwai kuma masu tsegunta musu labari daga cikin kasuwa, waɗanda suka san wane ne ya sayar da shanu yau, kuma wace mota zai shiga. Farfesa Saibu Isa na Jami'ar Marwa, wanda ya yi dogon bincike a kan zargina, ya nuna cewa fashin hanya a wannan yanki ya girmi yaƙin Chadi nesa ba kusa ba. Abin da tsoffin mayaƙa suka kawo shi ne makami da ƙwarewa, kuma wannan kaɗai ya isa ya mayar da ɓarawon da ke tare hanya da kwari da baka ya zama runduna. Don haka ne ma aka girke dakaru a Baga a 1994, aka shigo da Chadi da Nijar cikin rundunar a 1998, ita kuma Kamaru ta kafa rundunar da aka fi sani da BIR a 2001. Da matsi ya yi yawa a kan titi, sai ɓarayin suka koma satar 'ya'yan Fulani makiyaya ana neman kuɗin fansa. Mai karatu ya san inda wannan mummunar sana'a ta kai a yau.

Akwai kuma wata hanyar da tsoffin mayaƙan Chadi suka bi, wadda ba fashi ba ce a bisa doka, amma aljihun ɗan kasuwa bai cika bambanta su ba. Duk wanda ya taɓa tsallaka gadar Ngeli daga Kusuri zuwa Njamena da kaya ya ji labarin bogo-bogo, wato 'yan kwastan na bayan fage waɗanda ba sa cikin jerin ma'aikatan gwamnati kuma ba su da albashi. Wani babba ne a ofishin duwan ko a soja yake kawo yaransa da suka yi daji tare ya ce su taya aiki, ladansu kuwa shi ne abin da suka ƙwace ko suka karɓa. Wata mai bincike 'yar Faransa, Mariyel Debos, ta rubuta littafi a 2013 a kan yadda riƙe bindiga ya zama sana'a kamar kowace sana'a a Chadi, kuma ta yi bayanin waɗannan mutane. Ma'ana, gwamnati ta cire mutum daga takardar albashi, amma ba ta cire shi daga wuyan jama'a ba. Albashin da baitulmali ya daina biya, mai ɗauke da buhun sukari da kwalin sabulu ne ya ci gaba da biya a bakin gada.

Abin bai tsaya a Chadi ba. A watan Maris na 2003 Faransuwa Bozize ya kama mulki a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da taimakon mayaƙan da aka ɗebo daga Chadi bisa alkawarin kuɗi mai tsoka. Da aka shekara ba su ga alkawari ba, sai suka tayar da ƙayar baya a Bangi a watan Afrilun 2004, aka ba su abin da aka ba su aka kai su bakin iyaka. Da yawansu ba su wuce nan ba, suka bazu cikin dazukan arewacin ƙasar suna tare fatake da makiyaya, kuma wasunsu sun sake ɓulla cikin Seleka da ta kori Bozizen a 2013. Fataken shanun da ke bin hanyar Ngaundere da Garwa-Bulai sun ɗanɗana kuɗarsu a waɗannan shekaru.

Bayan hare-haren 'yan tawaye a Njamena a 2006 da 2008, da sulhun da aka yi da Sudan a Janairun 2010, rundunar Chadi ta sake kumbura, don haka a ƙarshen 2011 Shugaba Debi da kansa ya tare a garin Musoro yana tantance sojoji, aka sake sallamar dubbai. A wannan karon sai ga zinariya ta bayyana a duwatsun Tibesti, ga kuma Libiya ta wargaje bayan kashe Gaddafi, inda kowane ɓangare ke neman wanda ya iya harbi ya biya shi. Daga kudancin Libiyar ne 'yan tawayen FACT suka taso a Afrilun 2021, a yaƙin da Debi ya rasa ransa.

Nijar ta bi wata hanya dabam, kuma akwai abin koyi a cikinta, akwai na gudu. Bayan yarjejeniyar sulhu ta ranar 24 ga Afrilun 1995 da 'yan tawayen Abzinawa, wadda har yau ake hutu a ƙasar don tunawa da ita, sai gwamnati ta zaɓi ta ba mayaƙan aikin yi maimakon ta sallame su da kuɗi kawai. An ɗauki kimanin 3,000 a soja da jandarma da gardi da duwan da ma'aikatun gwamnati. Shugabanninsu kuma aka jawo su cikin mulki: Rhissa Ag Bula ya zama ministan yawon buɗe ido, Muhammad Anako daga baya ya shugabanci majalisar jihar Agadas. A ranar 25 ga Satumban 2000 aka tara bindigogi a Agadas aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Ko shakka babu wannan dabara ta taimaka, domin lokacin da arewacin Mali ya kama da wuta a 2012, arewacin Nijar bai bi sahu ba.

Sai dai wasu dubban da ba su samu gurbi ba an ce su jira jari, suka yi ta jira har kusan shekaru goma. Lokacin da ƙungiyar MNJ ta kai hari Iferwan a Fabrairun 2007, cikin ƙorafe-ƙorafenta har da rashin cika alkawuran 1995. Waɗanda suka gaji da jira kuwa suka koma ga abin da suka iya. Mutumin da ya yi shekaru yana yawo da mota a Tenere ba ya ɓata a sahara, don haka wasu suka zama masu yi wa Turawa 'yan yawon buɗe ido jagora, da wannan harka ta mutu saboda rashin tsaro sai suka koma jigilar fasinja daga Agadas zuwa Dirku da Libiya. A lokacin sana'a ce a fili, da tasha da tikiti, ayarin motoci na tashi ranar Litinin da rakiyar sojoji. Masu sayar da jarkoki da rawuna da garin kwaki da dabino duk sun ci arziki a gefe.

Kwatsam a 2015 aka kafa doka mai lamba 36 da ta haramta safarar baƙin haure, aka soma aiki da ita gadan-gadan a 2016 bisa matsin ƙasashen Turai. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci aka jibge a barikin soja. An yi alkawarin sauya musu sana'a da kuɗin Tarayyar Turai, aka yi wa dubbai rajista, amma 'yan ɗaruruwa ne suka ga wani abu a zagayen farko. Wato mutumin da aka raba da bindiga aka ce ya nemi sana'a, ya nema ya samu, sai aka dawo aka raba shi da sana'ar. Wasu suka nufi haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten, wasu suka ci gaba da jigilar ta ɓarauniyar hanya, fashi kuma ya ƙaru a hanyoyin arewa. Gwamnatin soja ta Janar Tiani ta soke dokar a Nuwamban 2023.

Kada mu a Najeriya mu yi wa maƙwabta dariya. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙin basasa ta kai kimanin 250,000 a 1970, kuma a wannan shekarar ce aka kafa dokar harbe 'yan fashi da makami, saboda yadda bindigogi suka bazu a gari. Muna da cibiyar koya wa sojoji masu shirin ritaya sana'a a Oshodi ta Legas, amma a 'yan shekarun nan mun sha ganin tsoffin sojoji sun yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu. Ga kuma dubban matasan Borno da suka shiga aikin sa-kai na Sibiliyan JTF tun 2013, waɗanda su ma wata rana za a ce an gode, kowa ya kama gabansa.

To, me ya sa tsohon soja ke shan wuya idan ya shigo kasuwa? Mu da muke cikinta mun fi jami'an Bankin Duniya sanin amsa. Kasuwanci a wurinmu ba kuɗi ne kaɗai ba. Yaro yakan shekara bakwai ko goma a shagon ubangidansa, yana shara, yana dako, yana koyon awo da canji, yana sanin wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, kafin a yaye shi a ba shi jari, kuma ko bayan an yaye shi sunan ubangidan ne ke sa a ba shi kaya a Kantin Kwari ko Dawanau ba tare da ya biya nan take ba. Waɗannan shekarun su ne soja ya yi a bariki ko a daji. Ya fito yana da shekara arba'in, da mata da 'ya'ya, ba ubangida, ba wanda zai tsaya masa. An koya masa bin umarni da jiran ƙarshen wata, ba a koya masa ciniki ba. Idan aka damƙa masa garatuti a dunƙule, kafin ya ankara dangi sun zo gaisuwa, ga gyaran gida, ga ƙarin aure, ga 'yan damfara da ke shinshinar irin waɗannan kuɗi tun kafin su fito. Mun sha ganin wanda ya sayi tsohuwar mota da kuɗin sallamarsa, bayan wata shida tana kan duwatsu a garejin bakanike. Daga nan sai gadi, ko acaɓa, wanda mutanen Nijar ke kira kabu-kabu, a Njamena kuma a ce kilando.

Alhali kuwa mutumin nan ba fanko ba ne. A cikin sojoji akwai direbobin manyan motoci, da kanikawa, da masu walda, da magina, da ma'aikatan jinya, da masu kula da sito waɗanda suka iya lissafin kaya fiye da yaran shagunanmu. Uwa-uba sun san kiyaye lokaci. Matsalar ita ce ba a ba su takardar shaidar da za ta yi aiki a waje, kuma ba a fara shirya su sai ana saura 'yan watanni su tafi, in ma an shirya su ke nan. A ganinmu fanshon da ke zuwa kowane wata ba fashi, ko da kaɗan ne, ya fi wa tsohon soja amfani bisa ga tulin kuɗi na rana ɗaya, domin mai fansho ana iya ba shi bashi, tunda an san inda zai samu ya biya.

Mu ma 'yan kasuwa akwai namu laifin, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wane ne ke ɗaukar tsohon soja ya zauna a gaban mota don ya yi wa abokansa na shinge magana a wuce da kayan fasa-ƙwauri? Wane ne ke sayen shanun da aka kawo da asuba a rabin kuɗi ba tare da tambayar inda aka samo su ba? Idan aikin da kasuwa ke ba tsohon soja shi ne kawai wanda ke buƙatar tsohon kakinsa da sanayyarsa a bariki, to mu ne muke koya masa cewa har yanzu bindiga ce jarinsa. Kuma wanda ya raka kayanka yau, ya san ranar da kake tafiya da kuɗi.

Akwai abin da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin direbobi da na fataken dabbobi za su iya yi ba sai sun jira gwamnati ba. A Jibiya da Illela da Maigatari da Mubi da Gamboru, haka a Ƙonni da Dan Isa da Magarya da Kusuri, ana ɗaukar masu gadi da masu lodi da direbobi kullum. Babu abin da zai hana a yi rajistar tsoffin sojojin da ke garin ta hannun ƙungiyarsu ta mazan jiya, mai unguwa ya tsaya musu, a ɗauke su aiki a fili da albashi sananne, wanda ya nuna riƙon amana a sa shi a adashi, a ba shi kaya bashi kamar yadda ake ba kowane yaro. Wannan ya fi arha bisa ga kuɗin rakiya da kuɗin shinge da muke biya ba rasit.

Gwamnatoci kuma su sani cewa kasuwar kan iyaka ita ce babbar ma'aikatar da ke ɗaukar waɗanda suka sallama, ko sun yarda ko ba su yarda ba. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da lokacin da aka sake rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 saboda takunkumin ECOWAS, ba Alhazan da ke da manyan sito ne suka fara jin yunwa ba. Masu lodi ne da 'yan acaɓa da masu gadi da direbobi, wato daidai guraben da tsohon soja ke iya samu.

Abin da za mu zuba wa ido yanzu shi ne Chadi. Yarjejeniyar da gwamnatin Mahamat Debi ta sa wa hannu a Doha ranar 8 ga Agustan 2022 da ƙungiyoyin 'yan tawaye kimanin 40 ta tanadi karɓar makamai da sallamar mayaƙa da sama musu abin yi, kuma an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa saboda batun kuɗi. A gabas kuma yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya buɗe wata sabuwar kasuwar ga duk wanda ya iya bindiga. Muna kira ga shugabannin 'yan kasuwar Njamena da Kusuri da Gamboru da su nemi a ba su kujera a duk kwamitin da zai tsara makomar waɗannan mutane, su kuma tambayi mutum nawa za a sallama, a waɗanne garuruwa za a sauke su, da kuma wanda zai biya su a wata na bakwai idan kuɗin sallama ya ƙare.